Babi na Huɗu: Tarken Kamanta Zahiri a Wasan Democracy 3: Africa, Bisa Ma'aunin Siyasar Manoman Funtuwa da Malumfashi

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tarken ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta masu kwaikwayon mulki da siyasa, wato Democracy 3: Africa, wanda kamfanin Positech Games na ƙasar Ingila ya fitar a shekarar 2016. Dalilin zaɓen wannan wasa shi ne, yana cikin 'yan ƙalilan da suka ba mai wasa damar hawa kujerar shugabancin Nijeriya ta wannan zamani, ya tsara kasafin kuɗi, ya naɗa ministoci, ya kuma tsaya zaɓe. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin Nijeriyar da ke cikin wasan ta yi kama da wadda manomin Funtuwa ko na Malumfashi ya sani? Domin samun amsa, za a aza ƙa'idojin wasan a kan abubuwan da suka faru a wannan yanki tun daga shekarun 1970 zuwa zaɓen 2023, a ga inda suka dace da kuma inda suka saɓa.

An zaɓi kudancin Jihar Katsina ne a matsayin ma'auni saboda yanki ne da manufofin gwamnati suka daɗe suna sauka a kansa kai tsaye, tun daga cinikin auduga na zamanin Turawa, zuwa shirin noma na Bankin Duniya, da rabon takin zamani, har zuwa matakan tsaro na 'yan shekarun nan. Idan har akwai wurin da ya dace a gwada yadda umarnin gwamnati ke isa ga talaka, to nan ne.

4.1 Ma'anar Daidaiton Bayani da Kamanta Zahiri

Kafin a shiga tarken, ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da akan cakuɗa. Na farko shi ne daidaiton bayani, wato wasa ya kawo sunayen wurare da na mutane da shekaru da adadi yadda suke. Na biyu shi ne kamanta zahiri, wato yadda wasa ke nuna cewa wani abu shi ke haifar da wani, ya zo daidai da yadda al'amura ke gudana a rayuwa. Wasa kan iya samun na farko ya rasa na biyu, kamar yadda mai zane zai iya fitar da kamannin doki tsaf, amma ya haɗa masa ƙafafun da ba za su iya sukuwa ba.

Misalin da zai fito da wannan bambanci shi ne wasan Crusader Kings III na shekarar 2020, wanda ya sa Daurama ta Daura cikin sarakunan da mai wasa zai iya zaɓa, ya kuma ajiye ta a shekarar 867 ta Miladiyya. Sunan daidai ne, garin ma daidai ne, amma labarin Daurama tarihin baka ne da bai zo da takamaimiyar shekara ba. Bahaushe zai ji daɗin ganin sunan, sai dai ganin suna bai tabbatar da cewa tsarin sarautar da wasan ya ba ta irin na ƙasar Hausa ne ba.

A wasan kwaikwayo na dandamali ko na littafi, marubuci ya riga ya ƙulla labari, jigo kuma yana fitowa ne daga bakin 'yan wasa. A wasan kwamfuta kuwa, mai wasa ne ke saƙa labarinsa, amma bisa ƙa'idojin da mai ƙira ya gindaya. Saboda haka jigon irin wannan wasa a cikin ƙa'idojinsa yake. Wani masani ɗan Amurka, Ian Bogost, ya yi bayanin wannan ra'ayi a littafinsa Persuasive Games na shekarar 2007, inda ya nuna cewa ƙa'idojin wasa kan lallashi mai wasa ya yarda da wata fahimta ta duniya ba tare da an faɗa masa ita da baki ba. A kan wannan hanya wannan tarke zai tafi.

4.2 Taƙaitaccen Tarihin Wasannin Kwaikwayon Siyasa

Irin waɗannan wasanni sun fara fice ne a shekarun 1980. A shekarar 1985 Chris Crawford ya fitar da Balance of Power, inda mai wasa ke jagorantar Amurka ko Tarayyar Sobiyat, yana neman faɗa a ji a duniya ba tare da ya tayar da yaƙin nukiliya ba. A shekarar 1988 aka fitar da Hidden Agenda, wanda ya ɗora mai wasa a kan mulkin wata ƙirƙirarriyar ƙasa ta tsakiyar nahiyar Amurka mai suna Chimerica, bayan kifar da wani ɗan kama-karya. Jerin wasannin Democracy kuwa, Cliff Harris ne ya fara su a shekarar 2005, na biyu ya fito a 2007, na uku a 2013. Daga na ukun ne aka tsiro da na Afirka a 2016, wanda ya ƙunshi ƙasashe goma: Nijeriya, Masar, Afirka ta Kudu, Kenya, Gana, Zambiya, Senigal, Tunisiya, Botsuwana da Morishas.

Abin lura a nan shi ne, an fara ƙera injin wasan ne domin kwaikwayon ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka da Jamus, daga baya aka yi masa kwaskwarima aka ɗora masa ƙasashen Afirka. Wannan asali yana da tasiri a kan duk abin da za a tattauna a gaba.

4.3 Zubi da Tsarin Wasan

Idan aka buɗe wasan, ba a ganin taswira ko gari ko mutum yana tafiya. Abin da ke kan allo shi ne tarin da'irori, kowace tana wakiltar wata manufa, kamar haraji ko kuɗin 'yan sanda ko tallafin noma, ko kuma wani hali da ƙasa ke ciki, kamar talauci ko rashin aikin yi. Idan aka nuna da'ira ɗaya, sai layuka su fito su nuna abin da take ƙarawa da abin da take ragewa. A tsakiyar allo an jera rukunonin masu zaɓe: 'yan jari-hujja, 'yan gurguzu, masu ra'ayin riƙau, masu sassaucin ra'ayi, masu addini, iyaye, matasa, talakawa, masu hali da sauransu. A na Afirka an ba mata da mazauna birni da mazauna karkara nasu rukunoni. Mai zaɓe ɗaya yakan shiga rukuni fiye da ɗaya.

Kowace manufa tana da ma'auni da ake ja dama ko hagu domin ƙara mata kuɗi ko ragewa. Kowane sauyi yana cin wani abu da wasan ya kira jarin siyasa, wanda ministoci ke samarwa gwargwadon biyayyarsu. Ana tafiya ne zango-zango, kowane zango wata uku. Idan wa'adi ya cika sai a yi zaɓe tsakanin jam'iyyar mai wasa da ta hamayya, wanda ya fi yawan ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya shi ya ci. Idan kuwa aka fusata wani rukuni ƙwarai, masu tsattsauran ra'ayi daga cikinsa kan iya kashe shugaba, wasa ya ƙare ke nan.

4.4 Inda Wasan Ya Yi Dace

Adalci ne a fara da abin yabo. Babban darasin wasan shi ne, babu manufar da ke tsayawa ita kaɗai, kuma duk abin da aka ba wani, daga hannun wani aka karɓo shi. Wannan gaskiya ce da mutanen wannan yanki suka gani da idonsu. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin da gwamnatoci ke rabawa duk wata sun ƙaru, amma kuɗin dakon buhun masara daga gona zuwa kasuwar Ɗandume ko ta Funtuwa ya tashi, haka ma kuɗin haya na tarakta da na man injin ban-ruwa na masu noman rani. Matashin da ya saba da layukan wasan ba zai yi mamakin wannan sarƙa ba.

Haka kuma wasan ya yi daidai da ya sa manufa ba ta yin aiki nan take, sai bayan zango da dama. Ya kuma yi daidai da ya sa bashi ya zama sarƙa a wuyan mai mulki, domin kuɗin ruwa kan cinye abin da za a yi wa jama'a aiki da shi. Duk wanda ya san yadda faɗuwar farashin mai da nauyin bashi suka kai Nijeriya ga shirin tsuke bakin aljihu na shekarar 1986, zai yarda cewa wannan ɓangare ya kamanta zahiri.

4.5 Inda Wasan Ya Saɓa wa Zahiri

4.5.1 Tazara Tsakanin Umarni da Gona

A cikin wasan, da zarar an ja ma'aunin tallafin noma sama, to bayan ɗan lokaci sakamakon zai bayyana, kuma zai watsu a kan duk waɗanda abin ya shafa daidai-wa-daida. Tarihin takin zamani a wannan yanki ya nuna akasin haka.

A shekarar 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda yake ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gwambe. Shirin ya buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, ya yi hanyoyin karkara, ya kuma taimaka ƙwarai wajen mai da masara babban amfanin gona a yankin da a da dawa da gero da auduga suka fi yawa. Ke nan idan da adadi kaɗai za a duba, shirin ya yi nasara. Amma manazarta irin su Gavin Williams sun soki irin waɗannan shirye-shirye da cewa sun fi karkata ga manyan manoma da waɗanda ake kira manoma masu ci gaba, wato masu filin da jarin da za su bi shawarar malamin gona. Ƙaramin manomi da dole sai ya yi ƙwadago a gonar wani kafin ya sami na sayen buhu ɗaya, bai sami rabo daidai da na mai tarakta ba.

Tun daga wancan lokaci gwamnatoci suka yi ta sauya dabara. An janye tallafin taki a 1997, aka maido da shi a 1999. A 2012 aka fito da tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar hannu domin ya je ya karɓi nasa da kansa. A 2017 kuma aka tsayar da farashin buhu a kan Naira 5,500 a ƙarƙashin wani shiri na shugaban ƙasa. Yawan sauye-sauyen nan kansa shaida ne cewa matsalar tana kan hanyar da buhu ke bi: daga ɗan kwangila zuwa ma'aji, zuwa kwamitin rabo, zuwa shugaban jam'iyya na mazaɓa, kafin ya kai ga mai gona ko ya ɓulla a kasuwa da wani farashi. Ko da an sa cin hanci a matsayin adadi ɗaya da ke hawa da sauka a ƙasa baki ɗaya, ba zai nuna wannan ba, domin abin tambaya shi ne wa ya samu, wa ya rasa, kuma ta hannun wa.

Bugu da ƙari, akwai batun lokaci. Zangon wasan wata uku ne, kuma duk zangunan ɗaya suke. Ga manomi kuwa ba haka ba ne. Masara tana son takin farko cikin makonnin farko bayan shuka, na biyu kuma wajen mako shida. Takin da ya iso a watan Yuni arziki ne, wanda ya iso a ƙarshen Agusta kuwa sai dai a sayar ko a ajiye wa baɗi. A lissafin wasan duka biyun sun faɗa cikin kasafi ɗaya, an kashe kuɗi, an kuma faranta wa mazauna karkara. Wasan da bai san damina ba, da wuya ya san siyasar manomi.

Misalin auduga ma haka yake. Tun zamanin Turawa aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau kuma ya ratsa ta Funtuwa yana kwashe ta. Hukumar ciniki ce ke tsayar da farashi, ta raba iri, ta kuma tantance daraja a kasuwannin auduga. A shekarar 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. A ƙa'idar wasan, irin wannan mataki faranta wa 'yan jari-hujja yake yi, ya ɓata wa 'yan gurguzu. A gonakin Bakori da Faskari kuwa, abin da ya biyo baya shi ne cakuɗewar iri, da raunin tantance daraja, da dogaro ga ɗan kasuwar da ya zo da sikelinsa. Da masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, sai babbar kasuwar ma ta tsuke. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi aƙidar gurguzu ko ta jari-hujja.

4.5.2 Wane ne Mai Zaɓe?

Rukunonin wasan an gina su ne a kan rabe-raben aƙida irin na Turai. Ba za a ce ƙasar Hausa ba ta san siyasar aƙida ba, domin gwagwarmayar NEPU a Jamhuriya ta Farko da ta PRP a ta Biyu sun tsaya ne a kan 'yancin talaka. Amma ko a wancan lokaci, aƙidar ta fito ne ta hanyar abubuwan da talaka ke ji a jikinsa, wato haraji da jangali da aikin tilas da hukuncin kotun alƙali. Shi ya sa soke haraji da jangali ya zama cikin matakan farko na gwamnatocin PRP a Kano da Kaduna a 1979.

Rukunin masu addini ya fi kowanne nuna rauni. A wasan rukuni ɗaya ne, wanda ake iya faranta masa ko a rage yawansa ta hanyar manufofin ilimi. A Nijeriya kusan kowa mai addini ne, saboda haka rukunin bai rarrabe kowa da kowa ba. Abin da ke da tasiri shi ne wane addini, kuma wane ɓangare a cikinsa. A Funtuwa akwai 'yan ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya, da 'yan Izala wadda aka kafa a Jos a 1978, da 'yan Shi'a, ga kuma Kiristoci 'yan kasuwa da ma'aikata daga sassan ƙasar nan. A ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur akwai Hausawa Kiristoci waɗanda asalinsu Maguzawa ne. Ɗan takara ya san cewa kowane ɗayan waɗannan da ƙofar da ake shiga wurinsa.

Haka nan wasan ya ɗauka cewa kowane mai zaɓe shi kaɗai yake yanke shawara, bisa yadda manufofi suka shafe shi. Binciken da Paul Clough ya fara a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, wanda ya fito a littafi a 2014, ya nuna yadda arzikin ƙauye ke tafiya ta hanyar dangantaka: ubangida da yaransa, bashin falle da ake karɓa da damina a biya da hatsi da kaka, gudummawar biki, da nauyin aure da na iyali. Mutumin da ya ci bashin hatsi a watan Agusta daga hannun wani attajiri, ba zai rasa jin maganarsa ba ranar zaɓe. Wannan ba jahilci ba ne, lissafi ne na wanda ya san inda zai je idan rumbu ya ƙare.

Zaɓen 2023 ya ƙara fito da wannan. Ranar 25 ga Fabrairu, ɗan takarar shugaban ƙasa na PDP, Atiku Abubakar, ya zo na ɗaya a Jihar Katsina da ratar da ba ta kai ƙuri'u dubu 10 ba, amma a wannan rana APC ta lashe kujerun sanata uku na jihar. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya ci zaɓen gwamna da ratar fiye da ƙuri'u dubu 300 a kan Yakubu Lado na PDP, wanda ɗan shiyyar Funtuwa ne. Babu wata manufa da ta sauya cikin mako uku da za ta bayyana wannan. Jama'a sun auna kowace kujera da ma'auninta. Injin wasan, wanda ya san jam'iyya biyu da akwati ɗaya, ba shi da hanyar fitar da irin wannan sakamako.

4.5.3 Ƙasa Babu Taswira

Rashin taswira shi ne babban giɓin wasan, domin a nan ya rasa har daidaiton bayani. A tsarin mulkin Nijeriya, yawan ƙuri'u kaɗai bai isa ba. Dole ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, gwamna kuma a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A kan wannan sharaɗi aka yi shari'ar zaɓen 1979, lokacin da jihohi suke 19, Shehu Shagari ya cika sharaɗin a 12, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan abin da ya samu a Jihar Kano.

A cikin jiha ma haka abin yake. An ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba 1987, tana kuma da ƙananan hukumomi 34 a shiyyoyi uku: Katsina, Daura da Funtuwa. Shiyyar Funtuwa tana da 11. Rabon muƙaman gwamna da mataimaki da kakakin majalisa tsakanin shiyyoyin nan, magana ce da ba ta barin bakin 'yan siyasa. Zaman Aminu Bello Masari, ɗan Ƙafur, a kujerar gwamna daga 2015 zuwa 2023, da kuma daɗaɗɗen kiran a ƙirƙiro Jihar Karaɗuwa, duk suna cikin wannan lissafi. A wasan, hanya adadi ce kawai ta kuɗin da aka ware. A zahiri tambayar farko ita ce: ta ina za ta bi?

4.5.4 Majalisa da Sarauta

Wasan bai tanadi majalisar dokoki ba, jarin siyasa ne ya tsaya a madadinta. Muddin mai wasa yana da isasshen jari, duk dokar da ya so ta wuce. Mutanen Funtuwa da Malumfashi sun ga akasin wannan tun suna cikin Jihar Kaduna. A 1979 aka zaɓi Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP gwamna, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisa. Majalisar ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki ba tare da su ba, daga ƙarshe ta tsige shi a watan Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. A wasan kuwa, shugaba ba ya sauka sai ta faɗuwa zaɓe, ko cikar wa'adi, ko harsashi.

Sarauta ma babu ita. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani iko na zartarwa ba, kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. Amma a aikace, rikicin iyakar gona, da shaidar ciniki ko jinginar fili, da saukar baƙo, da shelar rigakafi, duk ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi suke bi. Sarkin Maska a Funtuwa da Galadiman Katsina a Malumfashi ba sa cikin kasafin da mai wasa ke gani, alhali babu ɗan takarar da zai shiga garuruwan nan bai kai gaisuwa fada ba.

4.5.5 Tsaro

A wasan, laifi adadi ne na ƙasa baki ɗaya, wanda ke sauka idan aka ƙara kuɗin 'yan sanda ko aka rage talauci. Matsalar 'yan bindiga a wannan yanki ta wuri ce. Ta fi tsanani a ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari, irin su Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara, inda a watan Disamban 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. Rundunar 'yan sanda ta tarayya ce, don haka gwamnan da jama'a ke kai wa kuka ba shi ne ke da cikakken iko da ita ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin jihar ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023.

Matakan shekarar 2021 sun fi komai nuna wahalar lissafin. A watan Satumba na wannan shekara aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Malumfashi, bayan an riga an hana sayar da mai a jarka, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyoyin sadarwa da na samun mai. Amma matakin da ya hana ɗan bindiga kiran ɗan'uwansa, shi ne ya hana ɗan ƙauye kiran agaji, ya kuma tsayar da cinikin ɗan kasuwar hatsi da ke jiran kuɗi ta waya. Layukan wasan suna iya nuna cewa mataki ɗaya yana da amfani da illa, amma ba sa iya nuna cewa amfanin ya sauka a wani gari, illar kuma a wani.

4.6 Kwatanci da Wasu Wasanni

Abin mamaki shi ne, wasannin da suka ƙirƙiri ƙasar da babu ita sun fi kusantar wannan zahiri ta wasu fuskoki. A Hidden Agenda, mai wasa yana ganawa ne da mutane masu fuska da buƙata: manomi marar fili, mai babbar gona, hafsan soja, limamin coci, jakadan Amurka. Ministan da aka ƙi shawararsa kan iya juya wa shugaba baya, soja kuma kan iya yin juyin mulki. A Suzerain na shekarar 2020, wanda ya ƙirƙiri ƙasar Sordland, sai shugaba ya nemi ƙuri'un majalisa da amincewar kotun ƙoli kafin ya gyara tsarin mulki, kuma kowane alkawari da ya ɗauka a ɓoye yana dawo masa. Waɗannan wasanni ba su da adadin Nijeriya ko ɗaya, amma sun gane cewa mulki ciniki ne da mutanen da ke iya cewa a'a.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an rarrabe daidaiton bayani da kamanta zahiri, aka kuma auna Democracy 3: Africa da ma'aunin siyasar manoman Funtuwa da Malumfashi. An ga cewa wasan ya dace wajen nuna sarƙar da ke tsakanin manufofi, da jinkirin sakamako, da nauyin bashi. An kuma ga cewa ya saɓa a wurare biyar: bai san hannayen da umarni ke bi kafin ya kai gona ba, ya raba masu zaɓe bisa aƙidun wata nahiya, ba shi da taswira, ba shi da majalisa ko sarauta, ya kuma mai da tsaro adadi ɗaya.

Jigon da ƙa'idojinsa ke isarwa shi ne, ƙasa inji ce, shugaba kuma direba ne da ke buƙatar sanin madannin da zai taɓa. Haɗarin wannan jigo ga matashin da ya koyi siyasa a gaban allo shi ne, zai ɗauka cewa gyaran ƙasa ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya da ke Abuja, ya manta da kansila da kwamitin rabon taki da ɗan majalisar jiha, waɗanda su ne ya fi iya tuhuma. Saboda haka ana ganin wasan yana da amfani a matsayin abin koyar da tsarin kasafi, muddin malami zai biyo shi da tambayar abin da ya bari a waje. Ga masu sha'awar ƙera irin wannan wasa daga cikin ɗalibanmu kuwa, shawarar wannan nazari ita ce su fara da ƙaramar hukuma ɗaya, su sa mata taswira da kalandar damina da kaka da rani, su kuma sa mutanen da buhun taki ke bi ta hannunsu. A babi na gaba za a duba harshe da kalmomin siyasa da irin wannan wasa zai buƙata idan za a yi shi da Hausa.